Maganin da Babu a Shagon Madam Bibiana

Akwai wata mata a Sabon Garin Zariya mai suna Madam Bibiana. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Chikaji aka haife ta, Hausa a bakinta har da karin magana. Tana da ɗan shago inda take ba da maganin homiyofati, irin ƙananan ƙwayoyin nan farare masu zaƙi. Mata sun fi zuwa wurinta, don ta iya sauraro.

Wata Talata sai ga Rhoda, mai ɗinki a Samaru, da goyo a baya. 'Ya'yanta huɗu cikin shekara shida. Duk ta rame.

"Mama, na gaji," ta ce a hankali. "Ki ba ni ƙwayar da zan huta da haihuwa, kada kowa ya sani."

Madam Bibiana ta girgiza kai. "'Yata, duk kwalaben nan babu mai hana ɗaukar ciki. In na sayar miki, bayan wata tara ke da kanki za ki gayyace ni suna."

Rhoda ta yi dariyar da ba ta shirya ba.

Madam ta zaunar da ita, ta yi mata bayani cewa a asibiti akwai allura, akwai ƙwaya, akwai ashanar da ake sa wa a dantse, kuma sai an duba mace kafin ta zaɓa.

"An ce allura tana kashe mahaifa," in ji Rhoda.

"Wa ya ce?"

"Mai yi min kitso."

"To ta tsaya a kitsonta. Ki je ki yi magana da maigidanki."

Washegari da hantsi wani keke napep ya ci burki a ƙofar shagon. Sebastian ne, mijin Rhoda, ya diro yana huci.

"Ke ce kike zuga min mata?"

Masu shaguna suka fara leƙowa. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo masa benci, ta miƙa masa ruwan sanyi.

"Baban yara, zauna. In injin keken nan ya yi zafi, me kake yi?"

"Tsayawa nake ya huce mana!"

"To ita Rhoda, yaushe rabon ta huce?"

Sebastian ya sosa ƙeya. Can ya sassauta murya. "Madam, ni tsorona kada ta daina haihuwa gaba ɗaya."

"Tazara ce, ba dainawa ba. Mu je ka ji daga bakin masu aikin."

Ta kulle shagonta, ta shiga kekensa, suka biya Samaru suka ɗauki Rhoda. A asibiti wata nas mai suna Tabitha ta yi mata gwaji, ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, wani ciki a yanzu zai iya taɓa ranta. Sebastian ya karɓi goyon ya rungume. Rhoda ta zaɓi ashana, aka haɗa mata da maganin ƙarin jini.

Kafin Kirsimeti ta murmure, kekenta na ɗinki ya koma ƙara daga safe har yamma. Ta ba 'yan zumuntar mata na cocinsu labari, su kuma suka yi ta tururuwa shagon Madam, suna cewa mai iya cewa "ba ni da shi" ita ce abin yarda.

Rannan a tashar keke wani abokin aikin Sebastian ya tsokane shi. "An ce mata sun juya ka!"

Ya yi murmushi, ya ta da keke. "Je ka ga kumatun matata, sannan ka dawo mu yi magana."

Darasi: Mai sana'a na gari ya san inda iyawarsa ta tsaya, yakan faɗi gaskiya ya nuna hanya. Kuma ruwan sanyi ya fi ihu kashe fushi. Ku tura wa wata 'yar'uwa, ku tura wa maigidanta ma.