Kwalaben Auren Najla

Akwai wani mai gonar inabi a garin Zahle, sunansa Tanios. Shekarar da aka haifa masa 'yarsa Najla, shi da ƙanensa Fawzi suka kwantar da kwalaben giyar inabi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suka ce ba za a buɗe ba sai ranar aurenta. Kowa ya riƙe makulli ɗaya.

Da aka sa ranar auren, Tanios ya sauka da fitila ya haska kwalaben. Sai ya ga giyar ta ɗan ja baya daga wuyan kowace.

Jama'a, ko yaro a Zahle ya san tsohuwar giya tana raguwa da kanta. Amma zargi idan ya shiga zuciya, sani ficewa yake.

"Fawzi, me ke yawan kai ka ƙasa?"

"Sanyin ɗakin nake dubawa, Yaya."

"Sanyi ko? Shi ya sa kwana biyun nan kumatunka suka yi ja."

Fawzi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya kalli fuskar yayansa, sai ya ciro makullinsa ya ajiye a kan tebur. Bai sake taka gidan ba.

Tanios ya kwashe kwalaben ya kai ɗakin kwanansa, kusa da murhu. Ya jera su a tsaye, ya ja wa kowace layi da alli. Giyar ta ci gaba da raguwa.

Matarsa Salwa ta ce, "Baban Najla, kai ka koya mini a kwance ake ajiye su a sanyi, kada matoshin ya bushe."

"Au, ke ma kin fara ɗanawa ne?"

Ta fita ta bar masa ɗakin.

Ranar biki Tanios ya buɗe kwalba ta farko, matoshin ya marmashe a hannunsa. Ya zuba wa baban ango. Bawan Allah ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar don kara. Tsami kamar ruwan khal. Ta biyu haka, ta uku haka. Kunya ta rufe Tanios.

Najla ta matso cikin kayan amarci. "Baba, rabu da giyar. Ina Baffa Fawzi? Ba zan shiga rawa ba sai ya zo."

Tanios ya daɗe yana kallon ƙofa. Ba wanda ya shigo.

Darasi: Zargi ba ya tsare abin da kake tsoron rasawa, shi ne ma yake lalata shi, ya haɗa da zumunci. Ku tura wa wanda ya fara yi wa ɗan'uwansa kallon ɓarawo.