Tsarabar da Shamuwa Ta Bari a Bakin Teku

Ƙawata Kande, ajiye tsintar waken nan, ki matso kusa da yaran. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo, Inna, mun kasa kunne."

Shamuwa ce da maƙwabciyarta Bushiya. Shamuwa na da sheƙa a kan kuka, Bushiya na da rami a gindinta. Duk rani Shamuwa kan tafi bakin teku. Bushiya kuwa ko rafi ba ta taɓa tsallakewa ba.

Ran nan Bushiya ta ce, "Mai doguwar ƙafa, kullum sai labari? Ina tsaraba?"

To can bakin teku, tsakanin wasu duwatsu inda ruwan gishiri ke fantsama, akwai wani shuɗin fure. Tushe uku ne kacal, duk duniya babu shi sai nan. Ƙaguwa ke zaune kusa da shi.

Shamuwa ta tsige ɗaya. Ƙaguwa ta ce, "Baƙuwa, ba ya tafiya." Kafin ta iso gida ya bushe.

Da shekara ta zagayo, ta tono na biyu har da saiwa. Ƙaguwa ta ce, "Baƙuwa, kunnenki ado ne?" Bushiya ta dasa shi, ta yi ta ba shi ruwan rijiya. Ya mutu.

A zuwa na uku, saura ɗaya. Shamuwa ta kai baki za ta cire shi. Furen ne ya ce, "Baiwar Allah, in kin cire ni, irina ya ƙare."

"Ƙawata ba ta taɓa ganinka da rai ba. In koma mata hannu wofi?"

"Ki gaya mata ina nan."

Shamuwa ta daɗe a tsaye. Sai ta janye bakinta, ta tashi.

Tana tafe tana jin kunya. Ba ta san Allah ya sa hadari ya biyo ta ba. Ta sauka a kan kuka.

Bushiya ta leƙo. "Ina tsarabata?"

"Na bar ta da ranta."

Bushiya ta ce, "Kin kyauta. Sauko ki faɗa min launinsa."

Ba ta rufe baki ba ruwa ya sauko.

Shi ya sa har yau shamuwa ba ta zuwa da komai a baki, amma damina na bayanta. Abin da Allah ya ajiye wuri ɗaya, a bar shi a wurinsa.

Ƙurunƙus, na ajiye ta nan. Kande, in Allah ya kai ki kika ga duwatsun, kada ki faɗa wa kowa.