Madatsar Ruwa da Gidaje Bakwai a Ƙarƙashinta

Akwai wani manomi da ya tare ƙaramin rafi a gonarsa da ƙasa da duwatsu, domin ya sami ruwan noman rani. A gefe guda ya bar mafita, inda ruwa zai bi ya wuce idan madatsar ta cika. Ubangiji ya sa albarka, albasarsa ta yi kyau shekara uku.

A shekara ta huɗu sai ya ga ruwan da ke fita kamar hasara ne. Ya jera buhunan yashi ya toshe mafitar, don ya ƙara shuka.

Da damina ta yi tsaka, ma'aikacin da ke duba madatsun ruwa ya zo. Ya taka bangon madatsar daga wannan baki zuwa wancan, sa'an nan ya gangara kwari ya ƙirga gidajen da ke ƙasa. Bakwai ne. Ya dawo ya rubuta cewa wannan madatsa tana cikin masu babban haɗari.

Manomin ya husata ya ce, "Malam, ka ga tsaga ko ɗaya a bangon nan? Ta maƙwabcina duk ramin ɓera ce, amma ka ce haɗarinta kaɗan ne."

Ma'aikacin ya ce, "Baba, tasa in ta fashe ciyawa za ta kwashe. Taka kuwa mutane. Waɗanda ke zaune a ƙarƙashin bangon nake ƙirgawa. Ka kwashe buhunan nan."

"In na kwashe, albasa ta sha me da rani?"

"Ta sha abin da ya rage."

Kwana biyu yana gunaguni. A rana ta uku matarsa ta ce, "Maigida, ƙanwata da 'ya'yanta suna cikin gidajen nan. Ko ka kwashe, ko ni in je da fartanya." Sai ya je ya kwashe.

Bayan mako biyu aka yi ruwa kwana uku ba tsayawa. Ruwa ya bi ta mafitar da ƙarfi, har ya cinye gefen gonarsa. Da aka ɗauke, manomin ya hau bangon ya auna. Taƙi ɗaya ya rage ruwan ya haura. Ya dubi kwari, ya ga hayaƙin girki yana tashi daga gidaje bakwai. Nan ya durƙusa cikin laka ya gode wa Allah. Rabin fili ya shuka a ranin nan, kuma bai yi gunaguni ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ba wanda yake rayuwa don kansa kaɗai. Madatsar ita ce zuciyarka, buhunan kuwa kwaɗayi ne da taurin kai. Gidajen su ne waɗanda Allah ya sa a ƙarƙashinka: 'ya'yanka, ƙannenka, da sabon mai bi da yake kallon tafiyarka. Kada in ji wani ya ce wane ya fi ni zunubi, me ya sa ni ake wa faɗa? Ana yi maka faɗa ne domin faɗuwarka za ta tafi da mutane. Wanda ya tsawata maka tun ruwa bai zo ba, Ubangiji ne ya aiko shi. Idan an tashi sujada yau, ka neme shi ka ce masa na gode.