Tafin Shekarau

Tun zamanin da dajin gabas bai san gatari ba, aka yi wani maharbi mai suna Shekarau. Kirarinsa shi ne: na Kyauta, mai kwana inda zaki ya tashi, kibiya ɗaya ci da gari. Da yaƙi ya cinye garinsu na bakin kogi, shi ya ja ragowar mutane, su ɗari biyu da 'yan kai, ya kutsa daji da su. An ce wani farin gwanki ne ya yi masa jagora. Duk inda ya kafci ƙasa da kofato, in an tona kamu uku sai ruwa. Mashaya bakwai suka yada zango kafin su kafa garin da ake kira Idon Gwanki.

A mashaya ta uku aka yi abin kunya. Guzuri ya ƙare, aka bar tsofaffi da guragu a inuwa, aka ce musu ana dawowa. Ba wanda ya koma, har shi Shekarau ɗin.

Maharbi ya san rijiyar sabon gari ba ta har abada ba ce. Ran da ta ƙafe, ba mafita sai a bi sawu a koma kogi. Manya kuwa ba mai son jin zancen hanyar nan. Sai ya koma wa yara masu famfara. Kowace hantsi yakan tara su a gindin kuka, ya jera tsakuwa bakwai, ya koya musu sunan kowace mashaya da alamarta da abin da ya faru a cikinta. Bai ɓoye musu komai ba.

Ba a yi wata guda ba wata yarinya ta tambayi ubanta ina ya baro kakarta. Washegari Arzika mai gari ya iso gindin kuka, dattawa na biye da shi.

"Shekarau, so kake 'ya'yanmu su riƙa yi mana kallon masu kisa? Koya musu shida. Ta ukun nan, bar mana abinmu."

"Ranka ya daɗe, daga ta biyu zuwa ta huɗu kwana biyar ne. Wa zai kai ba ruwa?"

"Kana nan ai. In ranar ta zo, sai ka faɗa."

Suka sa shi ya dafa bakansa ya rantse. Mutumin da bai taɓa ja da baya ga zaki ba, sai ga shi ya sunkuyar da kai gaban mutanen da shi ya ɗauko su daga bakin mutuwa. Daga ranar, in yara sun zo kan tsakuwa ta uku, sai ya sa su yi tafi ɗaya su wuce.

Shekara arba'in da ɗaya rijiya na ba da ruwa, sannan fari ya zo, damina uku a jere. Yaran nan na gindin kuka, yanzu masu furfura, suka durƙusa gaban Shekarau. Ya makance, ƙafa ta daina ɗaukarsa.

"Baba, Arzika ya daɗe a ƙasa. Faɗa mana ta uku."

Tsoho ya buɗe baki. Ya lalubo ta farko, Kuka Biyu, ya lalubo ta biyu, Dutsen Kura, ya tsaya. Ya sake farowa, ya sake tsayawa. Yana ganin fuskokin waɗanda aka bari ɗaya bayan ɗaya, amma suna da alama sun gudu. Hannayensa ne kawai suka tashi da kansu suka yi tafi. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka ci garinsu.

Haka suka tafi da sunaye shida. Cikin ɗari huɗu, goma sha tara ne kawai suka juyo da rai daga Dutsen Farar Ƙasa, mashaya ta huɗu, suka tarar an binne Shekarau.

Kukar tana nan, yau a cikin filin makarantar firamare. Duk Alhamis malamin tarihi yakan fito da 'yan aji biyu su jera tsakuwa bakwai, su rera sunaye shida, su yi tafi ɗaya a tsakani. Yara suna son wurin tafin ƙwarai, har rige-rige suke yi. Kowace shekara akan sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, tafin na mene ne?"

Malam yakan ce, "Haka muka tarar."