Kajin Gwaggo Milunka da Digirin Dalibor

Akwai wani matashi a nan yankinmu na Banat, sunansa Dalibor, yana karatun digiri na biyu a fannin injiniyancin kwamfuta. Kansa yana ja, wannan ba mai musu. Amma jama'a, girman kai! Irin mutanen nan ne da in kana magana suke zuba wa bakinka ido, suna jiran ka gama su gyara maka.

Tun yana ɗan shekara shida uwarsa ta rasu, ubansa ya tafi Jamus neman aiki bai ƙara waiwayowa ba. Yayar uban, Milunka, ita ta riƙe shi. Shekara ashirin da shida tana kiwon kajin nama a bayan gidanta, a wani dogon ɗaki marar taga. Kaji dubu huɗu take zubawa a kowane zubi, manyan fankoki shida a bangon ƙarshe suna zuƙe zafi waje.

A kan ɗakin nan Dalibor ya ɗora bincikensa. Ya haɗa wata na'ura a cikin akwatin ƙarfe, ya rataye mata ma'aunin zafi a tsakiyar ɗakin. In zafi ya hau ta ƙara wa fankokin gudu, in ya sauka ta rage. Malaminsa, Farfesa Tomin, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa.

"Kwana arba'in da biyu, daga ranar da aka zuba 'yan tsaki zuwa ranar da motar mahauta za ta kwashe su. Na'urar kaɗai za ta yi aiki. Hannun mutum ya taɓa makunni ko sau ɗaya, ka koma farko. In ka kawo min wannan, za ka tsaya gaban kwamiti a Satumba. In ba ka kawo ba, sai baɗi."

Zubin farko ya tashi a banza. Gwaggo Milunka takan shiga ɗakin da rana, ta ga kaji sun buɗe baki sun saki fukafukai, sai kawai ta miƙa hannu bango ta sakar wa fankokin gudu duka. Na'urar kuwa ba ta ɓoye komai, duk taɓawar da aka yi sai ta rubuta.

Ranar da Dalibor ya ga rubutun, a bakin ɗakin kajin ya tare ta.

"Sau goma sha ɗaya, Gwaggo! Wata ɗaya da rabi kin zubar min a bola! Me na yi miki?"

"Haki suke yi," in ji ta, tana ɗauraye bokiti.

"Na'ura ta ce zafin ashirin da bakwai ne!"

"To na'urar taka a ƙasa take zaune? Ka rataye abinka daidai hancinka, su kuwa suna can ƙasa a cunkushe. Durƙusa ka ji da fuskarka, Injiniya. Gwiwarka ba za ta karye ba."

Ya ja tsaki. "Ni ba zan tsaya gardamar lissafi da wadda ta tsaya a aji takwas ba."

Ta ajiye bokitin, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Mai aji takwas ɗin ce ta saya maka kwamfutar da kake zaginta da ita. Matsa min in wuce."

Ni dai da ɗana ne ya faɗa min haka, da a ranar zai kwashe wayoyinsa ya bar min gida. Ita kuwa ta shanye, don duk garin babu wanda ya kai ta son ganin digirin nan.

Aka zuba zubi na biyu a farkon Yuli. Shi ne damarsa ta ƙarshe kafin Satumba, kuma Dalibor ya rantse ba mai sake ɓata masa. Ya jira ranar Asabar da ta tafi kasuwa, ya zare wayar makunnin bango, ya mayar da komai cikin akwatinsa. Ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Da ta dawo ta danna makunnin, shiru. Ta sake dannawa.

"Dalibor! A gidana? Ɗakin kajina ka kulle min?"

"Kwana arba'in da biyu ne kawai. Ki huta, ki sha kofinki."

"In wani abu ya faru fa?"

"Babu abin da zai faru. Wayata tana nuna min komai duk inda nake. In kin matsu ki kira ni."

"Ba ni mabuɗin in ajiye. Na rantse da Allah ba zan taɓa ba sai in..."

"Sai in kaza ɗaya ta yi hamma. Na san ki, Gwaggo."

Ta shige gida ta turo ƙofa da ƙarfi, har hoton marigayi mijinta ya karkace a bango.

Kwana talatin da takwas komai ya tafi daidai. Kajin suka yi nauyi, suka cika ɗakin har ba wurin ajiye ƙafa. Dalibor ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa, yana tambayarta da gangan, "Yaya hakin nasu yau?"

Rana ta talatin da tara, tsakiyar Agusta, gari ya wayi da zafin da ko kare ba ya fitowa daga ƙarƙashin mota. Ya hau bas ɗin safe zuwa birni don ya nuna wa Farfesa Tomin aikin, mabuɗin yana aljihunsa.

Farfesa ya duba, ya gyaɗa kai. "Saura kwana uku. Ka fara shirya jawabinka."

Dalibor ya fito kamar an naɗa shi sarauta. Ya ja 'yan ajinsu zuwa shagon burek, irin samosar nan tamu mai nama ko cuku a ciki, ya ce yau shi zai saya wa kowa. Suna zama wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo. Ya duba na'urarsa a wayar, zafi ashirin da biyu, komai lafiya. Ya kashe kiran.

Ta sake kira. Ya sake kashewa.

"Ka ɗauka mana," in ji Sanja, wata 'yar ajinsu.

"Rabu da ita, mabuɗi take so. Saura kwana uku, hannunta yana mata ƙaiƙayi."

Sanja ta leƙa wayar. "Ashirin da biyu? A zafin nan? Tun ƙarfe nawa yake nuna haka?"

"Aikin gwani kenan, malama. Ki kalla ki koya."

Kira ya yi ta shigowa, har da wata baƙuwar lamba. Ya kife wayar a kan tebur ya ci gaba da cin burek ɗinsa.

Ƙarfe biyu saura kaɗan ya ɗaga wayar, ya ga ja a allo. Na'urar ta daina magana gaba ɗaya.

Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ta yi! Wallahi ta yi! Matar nan ta kashe min na'ura!"

Yanzu shi ya shiga kira, ba a ɗauka. Ya ruga tasha. Awa ɗaya da rabi yana cikin bas yana tafasa, yana jera maganganun da zai faɗa mata. Shekara biyu na karatu. Saura kwana uku. Baƙin ciki take masa, ba ta son ya fi ta, so take ya ƙare da kwasar kashin kaji kamar ita. Har wata tsohuwa da ke gefensa ta canza kujera saboda tsakin da yake ja.

Ko ƙofar gida bai bi ba, ta lambu ya zagaya. Fankoki shida suna ruri kamar za su tsinke. Akwatinsa yana reto a bango, an tsarge shi, kwaɗon yana nan a kulle amma murfin ya rabu biyu. Ga gatari a ƙasa.

Gwaggo Milunka ta fito daga ɗakin, jiƙe sharkaf, hannunta na dama naɗe da tsumma.

"Da gatari?" Dalibor ya daka mata tsawa. "Gatari kika sa wa aikina? Kin san abin da ke cikin akwatin nan? Kin san abin da kika rusa? Jahilci ne ko mugunta? Ki faɗa min, wanne ne!"

Ta kama wuyan rigarsa da hannun hagu, ta ja shi kamar ɗan akuya zuwa bayan ɗakin.

Sai da ya ga tulin ya daina magana.

Matattun kaji ne farare, an jibge su a jikin katanga, tulin ya kai ƙirjinsa. Maƙwabta suna ta fitowa da baro suna juyewa, babu mai kallonsa. Ƙudaje sun riga sun sauka.

Imre maƙwabcinsu, tsohon mai gyaran wuta, ya jefar da safar hannunsa ya tako har gabansa.

"Kai ne injiniyan? Zo in nuna maka." Ya ɗago wata siririyar waya a gutsure. "Ɓera ya cinye wayar ma'auninka tun da safe. Na'urarka ta daina jin komai, sai ta riƙe awon da ta ji na ƙarshe ta zauna a kai. Fanka biyu kawai ke juyawa, a rana irin ta yau! Matar nan ta buɗe ƙofofi, ta yi ta watsa ruwa ita kaɗai, suna zubewa a ƙafafunta. Sau nawa ta kira ka? Ni ma na kira ka daga gona, ba ka ɗauka ba. Wane ɗan iska ne ya koya maka cire makunnin hannu daga injin da rai ya dogara da shi?"

"Ban... ban yi zaton..."

"Ba ka yi zato ba! Da ta fasa akwatin wutar lantarki ta cinye mata tafin hannu. Ka ga hannun? Da ban iso na haɗa fankokin kai tsaye ba, ko ɗaya ba za ta rage ba."

Dalibor ya juya ga gwaggonsa. Idonta ya yi ja, amma babu hawaye.

"Awa ɗaya da rabi ina tsaye da gatarin nan a hannu," in ji ta. "Ina cewa bari in ƙara kira sau ɗaya, kada in ɓata wa yaron nan karatu. Da na fasa tun farko, da duk suna raye. Wannan laifina ne, kuma ba zan yafe wa kaina ba."

Ta sa hannun hagu a aljihun rigar aikinta, ta ciro ɗan ƙaramin katin da na'urar take rubutu a kai. Ta damƙa masa a tafi, ta matse yatsunsa a kai da ƙarfi.

"Na tsamo maka a cikin tarkacen, don na san shi za ka fara nema. Ga karatunka nan, bai yi komai ba. Kajina dubu biyu da ɗari bakwai ne suka mutu a kansa. Yanzu ɗauki shebur, ramin binne su bai kai ba."

Ya yi haƙa har hannuwansa suka fashe, babu wanda ya ce masa sannu.

Bayan kwana biyu ya kai wa Farfesa Tomin katin, ya faɗi komai. Farfesa ya buɗe, ya ga layi miƙe sambal a kan ashirin da biyu, tun daga safe har lokacin da gatari ya sauka. Ya cire tabarau.

"Suna mutuwa tana rubuta lafiya lau. Kai kuma ka ɗaure hannun mutum ɗaya tilo da ta san ƙarya take yi. Ni na ce kada a taɓa makunni, ban ce ka cire shi ba. Fita min daga ofis."

A gabansa ya soke sunansa daga jerin Satumba.

Da shekara ta zagayo, Dalibor ya sake gina na'urar, da ma'auni uku a ƙasa da babban makunnin hannu a waje. Ya bi ƙauyuka bakwai yana roƙon inda zai gwada ta, duk wanda ya ji sunansa sai ya tura ƙofa. A ƙarshe ya tattara kunyarsa ya koma wurin gwaggonsa.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ɗauko mabuɗi ta buɗe masa dogon ɗakin. Babu kaza ko ɗaya, an share ƙasa fes, a bangon ƙarshe ramuka shida ne inda fankokin suke a da.

"Yatsu uku sun daina lanƙwasuwa," in ji ta, tana nuna masa hannun. "Da me zan yi kiwon?"

Darasi: Karatu ba lasisin raina mutane ba ne. Duk zurfin iliminka, wanda ya shekara ashirin yana aiki da hannunsa ya san abin da ba a rubuta a littafinka ba, ka saurare shi. Kada ka ɗaure hannun wanda zai ceci aikinka ranar da lissafinka ya kuskure, kuma in wanda ya riƙe ka tun kana yaro ya kira, ka ɗauka. Ku tura wa duk wani ɗalibi da kuka ga karatu ya fara kumbura masa kai, ko Allah zai sa ya sauko tun bai yi ɓarna ba.