Wuƙar Jatau da Ƙararrawar Durwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naka ne.

Wani maharbi ne, sunansa Jatau. Ba mata, ba ɗa, sai karensa Durwa. Akushi ɗaya suke ci. Ran nan Durwa ya ɓace a cikin dogon gamba, da kyar aka gan shi. Hankalin Jatau ya tashi ƙwarai.

To, yana da wani guntun ƙarfe mai kyau. Sai ya kai wa tsohon maƙerin garin, ya ce a yi masa wuƙar farauta. Maƙeri ya buga mata baya mai kauri da tsini mai ƙarfi, ya bar mata doguwar wutsiya. Ya ce, "Wannan wutsiyar za ta ratsa ƙota har ƙarshe. Ita ke riƙe wuƙa."

Jatau ya ce, "Baba, ai cikin ƙota za ta ɓuya. Yanko kaɗan ka yi wa Durwa ƙararrawa, kada ya sake ɓace mini."

Maƙeri ya ce, "Ɗana, bar ta." Jatau ya nace. Sai aka yanka.

Kashegari ya dawo, wai ƙararrawa ba ta da ɗan bugawa. Sai aka yanka.

Ya sake dawowa, wai a yi zoben ratayawa. Durwa ya ce, "Maigida, ni haushina ya isa ka ji ni." Amma Jatau, in ya kafe, ko jaki sai ya sara masa. Sai aka yanka. Abin da ya shiga ƙota bai kai ɗan yatsa ba.

Wuƙa ta fito tana walƙiya, aka yi mata kube ja. Kowa ya gani sai ya yaba.

Suka shiga daji. Can Jatau ya ji ƙararrawa tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Ya ruga, ya tarar mesa ta naɗe Durwa. Ba halin harbi, kada kibiya ta sami karen.

Durwa ya ce, "Maigida, yi sauri."

Jatau ya zare wuƙa, ya caka wa mesa, ya murɗa. Sai ya ji ƙas. Ruwan wuƙa ya tsaya a jikinta, ƙota kawai a hannunsa. Ya doke ta da ƙota, ya ja ta da hannu, har da cizo. Ƙararrawa tana kaɗawa, tana raguwa, tana raguwa, har ta yi shiru.

Ya koma maƙera yana kuka, ya ajiye ƙota da ƙararrawa gaban tsoho. Ya ce, "Baba, ƙararrawa ta yi aikinta. Na same shi."

Ni ma duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci.

Ku ji, yara: abin da ido ba ya gani a jikin kayan aiki, kada ku rage shi, ko don wanda kuke ƙauna ne.

Ƙurunƙus, ta ƙare a bakin maƙera.