Makirufon da Dakta Rennie Ya Manta Bai Kashe Ba

Akwai wata ɗaliba mai suna Morven da ke karatun haɗa magunguna a wata jami'a a Scotland. Tun tana ƙarama ciwo ya taɓa mata ji, sai da na'ura a kunne take tsintar magana. Bisa doka, jami'a ta umarci malamanta su riƙa rataya ɗan makirufo a wuya, mai kai muryarsu kai tsaye cikin kunnenta.

Kowa ya bi, ban da Dakta Rennie, mutum mai ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro ilimi.

"Ni na yi miki kama da karen da ake sa wa igiya?" ya ce mata a gaban aji. "In ba kya ji, yarinya, ki koma gida ki yi saƙa."

Daga ranar, da gangan yake juya baya yana magana da allo, don kada ta karanci leɓensa. Ta faɗi gwajin farko. In ta sake faɗuwa a jarrabawar baka, karatun ya ƙare.

Da ofishin kula da ɗalibai masu naƙasa ya matsa masa, ya rataya makirufon yana cika yana batsewa. Lokacin hutun shayi ya fice, bai tuna ya kashe ba.

Morven na zaune tana cin biskit, sai ga muryarsa tar a kunnenta, yana hira da wata malama, Dakta Elspeth.

"Waccan kurmar? Bari jarrabawar baka ta zo. Hannu zan sa a baki in yi mata tambayoyin ƙasa-ƙasa. In ta faɗi, mun huta da irinsu."

Ta ajiye biskit ɗin. Zuciyarta ta yi zafi ƙwarai, amma ba ta yi kuka ba. Yana dawowa ta miƙe, ta maimaita maganarsa kalma da kalma.

Ya yi dariya. "Jama'a, kun ji? Kurma ce ke ba da shaidar abin da ta ji."

"Ni ma na ji, Rennie," in ji Dakta Elspeth daga bakin ƙofa. "Kuma zan faɗa a duk inda aka tambaye ni."

Aka yi bincike, aka raba shi da aikinsa. Wani malami ya yi wa Morven jarrabawa, ta ci. Ranar da Dakta Rennie yake kwashe kayansa suka haɗu da Morven a matakala, ya kawar da kai.

"Dakta," ta ce, "wata da watanni ina roƙon in ji muryarka. Da na ji ta, na gane ban yi asarar komai ba."

Darasi: Tallafin da doka ta ba ɗalibi mai naƙasa haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce, kuma muguntar da ka ƙulla a ɓoye tana iya isa kunnen wanda ka raina. Ku tura wa malamai da ɗaliban da kuka sani.